Hular kwano: abin da za a duba kafin a saya, da yadda ake sa ta har ta yi aiki

Wanda ya tsaya a Kwangila ko PZ a Zariya da safe ya ƙare wa masu babur kallo zai ga hular kwano iri uku. Akwai wadda aka rataye a madubi ko aka saƙale a gwiwar hannu, sai an hango jami'ai a gaba a yi maza a ɗora ta. Akwai wadda ke bisa kai amma igiyarta na reto a gefen kunne. Sai kuma hular ma'aikatan gini mai ruwan ɗorawa, wadda aka saya da arha don dai a wuce shinge lafiya. Cikin ukun nan babu wadda za ta tsare kai ranar da aka faɗi. Mafi yawan mahaya ma babu ko ɗaya a kansu, tun daga ɗan acaba har ma'aikacin da ke tafiya Samaru ko Kongo a kan roba-robarsa.

Maganar doka ba ta da tsawo. Dokokin hanya na Nijeriya sun wajabta hular kwano a kan mai tuƙa babur da wanda ya goya, su biyun duka, kuma babu bambanci tsakanin babur na haya da na gida, ko tsakanin Boxer da ƙaramin mashin mara giya. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta dokar gadan-gadan ranar 1 ga Janairun 2009, kuma da yawa ba su manta da yadda wasu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a kai ba a lokacin. Jadawalin laifuffukan hukumar ya daɗe yana ɗauke da tarar naira 2,000 kan hawa babur babu hula. A titunan jihar Kaduna kuma akwai 'yan KASTLEA, masu kula da bin dokar hanya na jihar. Amma tara ita ce mafi ƙanƙantar asara a wannan sha'ani, kuma tunanin cewa don jami'i ake sa hula shi ne ya cika kasuwa da hulunan da ba su da amfani.

Hujjar da aka fi ji daga masu ƙin sa hula ita ce: cikin gari ne, daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, ba gudu nake yi ba. Ga lissafin. Kan mutumin da ke zaune a kan babur yana da nisan kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Idan ya faɗo daga nan, ko da babur ɗin a tsaye yake cik, kansa zai daki kwalta da gudun da ya kusa kilomita 20 a awa. Wannan kaɗai ya isa ya fasa ƙoƙon kai, musamman gefen kai tsakanin ido da kunne inda ƙashin ya fi siranta. Idan kuma ana tafiyar kilomita 50 a awa aka yi karo da abu tsayayye, gefen kwalbati ko bayan tirelar da aka ajiye, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi kamar awara kafin a soya ta, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan ƙashin ya tsaya lokaci guda ita ba ta tsayawa, sai ta ci gaba ta daki ƙashin daga ciki, jijiyoyin jini su tsage. Shi ya sa ake samun wanda ko ƙwarzane babu a kansa amma jini na taruwa a ciki. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hula mai kyau da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Aikin hula shi ne ta tsawaita lokacin da kai zai ɗauka kafin ya tsaya, ko da da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba ne. Ba ɓawon waje ke yin wannan ba, ko da yake shi ake ƙwanƙwasawa a kasuwa a ce ai ka ji tauri. Ɓawon, na roba mai tauri ko na zaren gilashi, yana baza ƙarfin bugun ne ya kuma hana abu mai tsini shiga, sannan ya bar kai ya zame a kan kwalta maimakon ya cije. Ainihin aikin yana wurin farin soson nan mai tauri da ke ƙarƙashin ɓawon, irin wanda ake tallafe sabon firji ko talabijin da shi a cikin kwali, sai dai na hula ya fi shi matsewa. Shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun. Soso mai laushi da ke taɓa fata na jin daɗi ne da tsotse gumi, ba ya tsare komai.

Don haka idan ka ɗauki hula a shago a Sabon Gari, juya ta ka leƙa ciki. Ɗaga yadin shafin ka sa yatsa. In ka tarar da farin soso mai kaurin santimita biyu da rabi zuwa huɗu, wanda ya rufe goshi da gefe da ƙeya, kuma ba ya lotsawa da sauƙi idan ka danna da babban yatsa, to an fara magana. In ka tarar da siririn soson katifa manne da roba, ko igiyoyi da aka gicciya kamar na hular gini, ajiye ta komai kyawun fentinta. Hular gini an yi ta ne don bulo ko guduma da za su faɗo daga sama, babu abin da take yi wa gefen kai da ƙeya, kuma ita ce farkon abin da ke tashi idan an faɗi. Nauyi ma yana faɗin gaskiya: hula mai rufe fuska duka takan kai kilo ɗaya da 'yan kai zuwa kilo ɗaya da rabi. Wadda ka ji ta sakayau a hannu, da wuya a ce akwai abin kirki a cikinta. Ka kama gefe da gefe ka matsa. Idan ta lanƙwashe har ɓangarorin suka kusa haɗuwa, ɓawon bai da ƙwari. Ka duba inda igiya ta haɗu da ɓawon, ƙusar ƙarfe ya kamata ka gani, ba ɗinki ko gam ba.

Sai tambarin inganci, kuma a nan ake yawan cutar mutane. Rubutun DOT da ake gani a ƙeyar hula na ma'aunin Amurka ne, kuma a tsarinsu kamfanin da ya ƙera hular shi ke shaidar kansa, sitikar kuwa kowa na iya bugawa ya manna. Ganinta kaɗai ba hujja ba ce. Wanda ya fi wuyar kwaikwayo shi ne na ma'aunin ECE 22 na Majalisar Ɗinkin Duniya, domin ɗan ƙyalle ne da ake ɗinkewa a jikin igiyar haɓa. Za ka ga da'ira mai harafin E da lamba: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya. Lambar tana nuna ƙasar da ta gwada hular ta amince da ita, ba inda aka ƙera ta ba. Kusa da da'irar akwai doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06, kuma 06 ita ce sabuwar ƙa'ida mai tsauri. Harafin P da ke bin wannan lambar na nufin an gwada katangar haɓar ta kuma ci gwajin, J na nufin hular buɗaɗɗiyar fuska ce. Hulunan Indiya na gaske suna ɗauke da tambarin ISI da lamba IS 4151. A gwajin ECE ana sakin hular ta daki ƙarfe da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wato kilomita 27 a awa. A riƙe wannan lambar da kyau, domin tana nuna iyakar abin da hula za ta iya: an yi ta ne don faɗuwa da buguwa da ƙasa, ba don mai tsula gudu a hanyar Kano ya yi gaba da gaba da tifa ba.

Hular gwanjo tana da jan hankali, domin sau da yawa ainihin ta kamfani ce mai suna kuma kuɗinta da sauƙi. Matsalar ita ce ba ka san tarihinta ba. Farin soson nan sau ɗaya yake aiki. Inda ya murƙushe ba ya dawowa, kuma ɓawon waje kan iya zama lafiya lau alhali ciki ya riga ya mutu. In dole sai ita, a cire shafin gaba ɗaya a duba soson a cikin haske: tsaga, lotsawa, ko wurin da ya yi laushi fiye da sauran duk dalilin bari ne. A nemi takardar da ke nuna shekarar ƙira a ciki. Kamfanoni da dama suna ba da shawarar a canza hula bayan kamar shekara biyar ana amfani da ita, kuma a rana da gumi irin namu ba na ganin hikimar wuce hakan.

Hula mai kyau, in ba ta yi wa kai daidai ba, ta rasa da yawa daga amfaninta. A samu tef ɗin tela a zagaya kai ta wurin da ya fi faɗi, kamar yatsa biyu sama da gira, ta saman kunne zuwa tudun ƙeya. Santimita 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Wannan mafari ne kawai, sai an gwada. Sabuwar hula ya kamata ta ɗan yi wuyar shiga, ta kama kumatu, bakinta na gaba ya sauka kusa da gira, ba ta koma ƙeya ta bar goshi a fili ba. Riƙe ta da hannu biyu ka juya hagu da dama: fatar goshi da kumatu su bi ta. Idan hular na juyawa fuska na tsaye, ta yi yawa. Bar ta a kai minti goma; idan wuri guda ya fara zafi ko ya bar jan tabo a goshi, ƙirarta ba ta dace da kanka ba, nemi wata ƙirar maimakon ka ƙara girma. Mutane sukan zaɓi babba saboda iska, alhali soso mai laushin da ke ciki zai ƙara saki bayan 'yan makonni, sai ta koma tana rawa a kai.

Igiyar haɓa ita ce abin da na fi so a ɗauka da muhimmanci, domin ba ta cin ko kwabo kuma ita aka fi wasa da ita. A yawancin haɗura bugu biyu ne: na farko da mota ko wani babur, na biyu da ƙasa. Hular da ba a ɗaure ba tana barin kai tun a bugun farko, kai ya isa kwalta tsirara. Igiyar ta bi ta ƙarƙashin muƙamuƙi kusa da wuya, ba ta kan tsinin haɓa ba, a ja ta har ya zama yatsa biyu ne kawai ke iya shiga. Bayan an ɗaure, sunkuyar da kai, sa hannu a bakin hular ta ƙeya ka yi ƙoƙarin turo ta gaba. In ta fita ko ta rufe maka ido, ko dai igiyar ta yi sako-sako ko hular ta yi girma. Maɗauri mai zobe biyu na ƙarfe shi ya fi aminci domin kullum sai ka ja shi daidai. Mai haƙora da ke yin ƙaras-ƙaras shi ma yana da kyau. Na roba mai maɓalli yakan saki a hankali, sai ana duba shi. Wanda ya karye a canza shi, kada a ɗaure da waya ko tsumma.

Tsakanin mai rufe fuska duka da buɗaɗɗiya, ta farko ta fi, ba kusa ba. Wanda ya tashi ta kan babur da fuska yake sauka, haɓa da haƙora da hanci su ke fara taɓa ƙasa, kuma karayar muƙamuƙi na nufin makonni ana shan abu mai ruwa ta tsinke. Mai ɗagawa ta gaba tana da daɗi wurin magana da fasinja, amma a rufe ta idan ana tafiya. Ƙaramar nan mai kama da rabin ƙwallo da ke tsayawa sama da kunne ba ta kai a ba da kuɗi a kanta ba.

Ƙorafin zafi gaskiya ne, babu mai musun yadda Zariya take a watan Maris da Afrilu. Abin da ke rage shi: hula fara ko mai haske, mai ƙofofin iska a goshi da haɓa da mafita a baya, da ɗaga gilashi kaɗan idan an tsaya. Farar hula tana da wani amfanin: wani bincike da aka yi a ƙasar New Zealand aka buga a 2004 ya samu cewa masu farar hula sun fi masu baƙa ƙarancin shiga haɗari da kusan kashi 24 cikin 100, saboda direba ya fi saurin ganinsu. Ƙyamar hular da kowa ke sawa ita ma tana da tushe, domin makero da ƙwarƙwata suna bin abin da ake sawa a kai. Maganinta ɗan acaba ya sayi mai shafin da ake cirewa, ya wanke da sabulu mara ƙarfi duk mako ya shanya a inuwa, fasinja kuma ya shimfiɗa hankici ko siririyar hular yadi a ƙasa. Wanda kullum sai ya hau acaba zuwa aiki ko makaranta, ya fi masa ya mallaki tasa.

Ba a ɗora hular kwano a kan zanna ko dara. Hular tana ɗaga kwanon sama ya bar gefen kai a buɗe, kuma tana zamewa. A ninke hular gargajiyar a sa a jaka ko ƙarƙashin sit, in an isa a sa. Mata kuma, siririn hijabi ko ɗankwali da aka kwantar ba ya hana komai, sai dai a auna kai da shi a jiki. Babban ɗauri, tulin gashi a ƙeya, da fil ko allurar riƙe mayafi, waɗannan a cire su kafin a sa.

Akwai haɗarin da ya fi shafar mata da masu manyan kaya, wanda hula ba ta magani: bakin dogon hijabi, abaya, zani ko babbar riga ya shiga sarƙa ko ƙafar baya. Taya na naɗe yadi cikin daƙiƙa, ta fizgo mutum ta baya, wani lokaci ta wuya. Kafin a tashi a tattara yadin gaba ɗaya a zauna a kai ko a riƙe a cinya, mai tuƙi kuma ya waiwaya ya tabbatar. Murfin sarƙa da ragar ƙarfen da ke gefen tayar baya ba ado ba ne. Makanikai da masu babur su daina cire su suna jefarwa.

Gilashin gaba yana shan wahala lokacin hunturu. Goge ƙura da busasshen tsumma ko hannun riga shi ke kankare shi, da dare kuma kowace fitila ta tarwatse a ido. A zuba ruwa tukuna, a wanke da sabulu, a goge da yadi mai laushi. Wanda ya dushe a canza, ana sayar da shi daban. Baƙin gilashi na rana ne kawai. Kada fetur, kananzir ko tina su taɓa hula, kuma kada a kai ta wurin mai fenti, domin suna cinye farin soson su kuma sa ɓawon ya yi gautsi. Rataye ta a kan madubi yana lotsa soson daidai tsakiyar kai, ajiye ta a kan tanki kuma yana sa ta shaƙar tururin mai.

Bayan kai, sai hannu da ƙafa. Duk wanda zai faɗi tafin hannu yake miƙawa, don haka safar hannu ta fata mai rufe yatsu duka, mai maɗauri a wuyan hannu don kada ta zare, ita ce abu na biyu da za a saya. Ta ulu ta sanyi ba ta jure kwalta. Silifas da fade kuwa su ke jawo yankewar yatsu da ƙunar salansa da karayar idon sawu. Suna zamewa daga kan birki idan an yi ruwa, kuma suna fita tun kafin a kai ƙasa. Takalmi sau-ciki mai tauri da ya rufe idon sawu ake so, a cusa igiyoyinsa ciki kada su kama giya. Ga jiki, fata ta fi komai, amma a zafinmu jaket mai raga-raga da ke da kariya a kafaɗa da gwiwar hannu ta fi yiwuwa. Kariyar gaske tana ɗauke da lamba EN 1621. In babu hali, wando jins mai kauri da riga mai dogon hannu sun fi yadi mai santsi na roba, wanda zafin gogayya ke narkarwa ya manne a ciwo. Riga mai ɗaukar ido da ke ƙyalli idan fitila ta haska ta ba ta da tsada, kuma ga mai bin hanyar Shika ko Basawa bayan magariba, ko da asuba cikin hazo, tana iya zama abin da zai sa direban tirela ya gan shi da wuri.

Yara su ne suka fi ban tausayi. Ana jera uku ko huɗu zuwa makaranta, ƙarami a kan tanki, babu mai hula. Na kan tanki shi ke fara cin karo da kan babur idan an taka birki da ƙarfi. Hular babba a kan yaro ba ta zama, kuma nauyinta ya fi ƙarfin wuyansa. Akwai ta yara, a auna kansu kamar yadda aka auna na manya. Yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba bai isa a goya shi shi kaɗai a baya ba.

Idan haɗari ya faru, taimakon gaggawa da jama'a ke kawowa da kyakkyawar niyya yakan ƙara ɓarna. Kada a fizge hular daga kan wanda ya faɗi, domin mai yiwuwa ƙashin wuya ya samu matsala, kuma jan kai na iya taɓa laka ya bar mutum a kwance har abada. A ɗaga gilashi, a sassauta igiya, a duba numfashi, mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa. Ba a cire hular sai in ba ya numfashi ko amai na toshe masa hanya, kuma aikin mutum biyu ne: ɗaya ya tallafe ƙeya da muƙamuƙi daga ƙasa, ɗayan ya buɗa gefen hular ya zare ta a hankali. Kada a ɗaga shi zaune, kada a ɗura masa ruwa ko madara, kada a naɗe shi a cusa a Keke Napep in da yadda za a kwantar da shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗura ita ce 122, kyauta ce, akwai kuma 112.

Wanda ya bugu a kai ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce lafiya lau, a sa masa ido kwana biyu, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Akwai zubar jinin cikin kai da ke barin mutum ya yi magana garau na 'yan awanni kafin ya faɗi. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai da ke ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, rikicewar magana, raunin hannu ko ƙafa ɓangare guda, farfaɗiya, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan buɗewa: ko ɗaya aka gani a wuce asibiti nan take, ba kemis ba, ba wurin mai ɗori ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Kafin a isa kada a ba shi asfirin ko tiramadol. Na farko yana ƙara zubar jini, na biyu yana ɓoye alamun da likita ke nema. A tafi da hular tare da shi, domin wurin da ta fashe yana nuna wa likita inda bugun ya sauka, daga nan kuma ba a sake sa ta.